Ragar Jalbanar Goggo Shadliyya

Manzil Tamim, 6 ga Nuwamba, 1994

Ɗana Munsif,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kuma sanyin ƙasar mutanen nan bai kama maka ƙirji ba. Mu nan alhamdu lillahi, sai gwiwata ta hagu da ke tuna min shekaruna duk sanda hadari ya taso daga teku. Juma'ar da ta wuce na je Kalibiya, na sami mahaifiyarka Manubiya garau. Hotonka yana nan a kan talabijin, duk wanda ya shigo sai an nuna masa injiniyan gona kafin a ba shi shayi.

Na san za ka yi mamakin ganin takardata, don rabon da mu haɗu tun bikin ƙanwarka, kuma zumuncin namu ma sai an zauna an warware shi, tunda kakanka da mahaifina 'ya'yan wa da ƙane ne. To, ni dai Goggonka ce, kuma buƙata ce ta kawo ni.

Ka tuna lambun bayan gidana. Marigayi maigidana ne ke noma jalbana a ciki, koren waken nan da kake ɓarewa ɗanye kana yaro. Irin nasa ne na kansa, wanda yake ajiyewa a tulu shekara da shekaru. Abin da ya bari bai cika kwano biyu ba, kuma duka na zuba a ƙasa bana. Ta tsiro layi tara gwanin sha'awa, sai tsuntsaye suka saka ta gaba, gwara da sassafe, tantabaru da hantsi. Na rataya gwangwanaye, na kafa mutum-mutumi da tsohuwar riga, jiya na tarar da gwara uku a kafaɗarsa suna hutawa.

Maƙwabcina Si Sahbi, tsohon nan mai kiwon tantabaru a saman soro, ya leƙo ta katanga ya ce yana da wata tsohuwar raga zai ara min. Na ce masa ya riƙe abinsa, muna da injiniya a Italiya, shi zai faɗa min irin wadda ake yayi. Don haka ka rubuto min da sauri: wace raga zan saya, yaya girman idonta, yaya zan shimfiɗa ta?

Goggonka,
Shadliyya


Bitoriya, Sisiliya, 23 ga Nuwamba, 1994

Goggo Shadliyya,

Na karɓi takardarki da farin ciki, Allah ya ƙara lafiya ya sassauta ciwon gwiwa. Ki riƙa ɗumama man zaitun kina shafawa. Ni lafiyata ƙalau, aiki ne dai ya yi yawa, don yanzu lokacin tumatir ne a rumfunan leda, ba a samun sararin numfashi. Ki gaida Umma idan kin koma Kalibiya.

Game da raga, abu ne mai sauƙi. Irin wadda muke amfani da ita a nan siririya ce, ta zaren roba, koriya ko baƙa, wadda ba a ganinta sosai daga nesa. Idonta ya zama kamar santimita 7, don rana da iska su riƙa shiga, shuka ba ta son a toshe mata numfashi. Ba sai kin wahalar da kanki da kafa turaku ba, ki yafa ta kawai a kan layukan, ki danne gefe da duwatsu. Kada ki ja ta ta yi tauri, ki bar ta sako-sako yadda shukar za ta ɗaga ta tana girma.

Ragar Si Sahbi kuwa, ina jin irin ta da ce mai kauri, za ta yi wa tsiron nauyi. Ki yi masa godiya ki bar masa.

Ban manta jalbanar marigayi ba, Allah ya jiƙansa. Ya taɓa kama ni da aljihu cike, sai da na zo fita ya ce in dawo masa da ɓawon ya ba akuya. Idan ta nuna ki shanya min kaɗan.

Ɗanki,
Munsif


Manzil Tamim, 29 ga Disamba, 1994

Ɗana Munsif,

Ina gaishe ka, ina fatan kana lafiya. Jikina lafiya. Ban san ta inda zan fara ba, takarda biyu na yaga kafin wannan.

Na sayo ragar ranar talata a kasuwa kamar yadda ka rubuta. Mai shagon ya tambaye ni sau biyu ko na tabbata ita nake so don tsuntsaye, na zaro takardarka na kaɗa masa a fuska. Da na zo shimfiɗawa Si Sahbi yana saman soro, ya ce, "Lalla Shadliyya, wannan ai gwara zai shige ta da rawaninsa." Na ce masa duniya ta ci gaba, shi yana can sama da tantabaru bai ji labari ba. Matan da suka zo taya ni suka yi dariya, shi ma ya yi murmushi ya koma ciki.

Gwara kuwa sun shige, ko fasa cin abincinsu ba su yi ba. Wannan ba shi ne abin ba.

Ranar alhamis na tafi Kalibiya na kwana biyu. Da na dawo asabar da rana na zagaya lambu, na tarar da tantabarun Si Sahbi guda bakwai a cikin ragar. Sun zura kai ta ido, zaren ya naɗe musu wuya da fukafukai, kuma da alama duk sanda suka yi fafutuka ƙara shaƙewa yake yi. Shida sun mutu. Har da farar macen nan mai zobe a ƙafa, wadda matarsa ta raina da hannunta kafin ta rasu. Layi huɗu na jalbana sun tumɓuke saboda fizge-fizgensu.

Ta bakwai tana da sauran rai, fiffikenta ɗaya a karye. Na yanke zaren da almakashi na cire ta. Abin da ya kamata in yi a lokacin kowa ya san shi, ƙofar Si Sahbi taku ashirin ce daga tawa. Ban je ba. Na ɗauko fartanya na haƙa rami gindin lemo na binne shidan, na naɗe ragar na cusa a buhu, mai ran kuma na sa ta a kwando a ɗakin ajiya bayan tulunan zaitun.

Da yamma ya ƙwanƙwasa ya tambaye ni ko na ga tantabarunsa, kwana biyu ke nan guda bakwai ba su dawo ba. Na dube shi na ce ban gani ba, ni da ba na gari. Ya ce ina raga? Na ce na cire ta in wanke. Raga, Munsif, sabuwa, wai in wanke.

Yanzu ya ɗora laifin a kan 'yarsa Rauda, wadda ke zuwa yi masa shara da girki. Ya ce ita ta bar ƙofar ɗakin tantabaru a buɗe, muzuru ya tarwatsa su. Ina jinsu ta katanga, tana rantsuwa tana kuka. Kwana uku ba ta zo ba. Ni kuma duk sanda tantabarar nan ta fara kuka a ɗakin ajiya sai in ƙure rediyo.

Lutfi ɗan limaminmu ya dawo daga wajenku makon jiya. Ya ce ya same ka a wurin aikinka, kuma ya ba mu labarinka duka. Na zauna na yi tunani, yanzu na san wanda ya kamata ya ji kunya a cikin wannan al'amari.

Shadliyya


Manzil Tamim, 12 ga Fabrairu, 1995

Ɗana Munsif,

Barka da azumi, Allah ya karɓa mana. Ina fatan lafiya ce ta sa ka yi shiru, don mako shida ke nan ina zuwa gidan waya ina dawowa hannu wofi. Mahaifiyarka ma ta ce ba ta ji daga gare ka ba. Idan ciwo ne ka sa wani ya rubuto. Idan fushi ne, ka yi gaskiya, kuma ga ni na zo ban haƙuri.

Na ɗauko takardarka na sa tabarau na duba a hasken rana. Lambar nan da ka rubuta, ashe ɗaya ce, ni na karanta ta bakwai. Haka kuke rubuta ɗaya da dogon hanci. Na kai wa mai shagon, ya ce ƙwarai, santimita ɗaya shi ne daidai, babu mai ilimin da zai ce bakwai. Ka ga ke nan na ɓata maka shawara, na kashe tantabarun mutum, sannan na rubuto maka takarda kamar mai ƙorafi. Ka yafe wa tsohuwa da idonta.

Na faɗa wa matan unguwa cewa ragar ba ta yi ba saboda kuskuren karatuna, don kada a taɓa sunanka. Maganar tantabaru kuwa har yau ban iya ba. Ina azumi ina sallah da wannan abu a wuyana. Shekaranjiya Si Sahbi ya aiko min da kwanon miyar shan ruwa, na kasa kai cokali baki. Rauda ta dawo tana masa girki, amma ba na jin hirarsu kamar da. Tantabarar tana ci tana sha, fiffiken ya haɗe a karkace.

Ka rubuto ko layi biyu ne.

Goggonka,
Shadliyya


Bitoriya, 1 ga Maris, 1995

Goggo,

Ina gaishe ki, ina yi miki barka da sallah tun kafin ta zo, don na san takardar nan sai bayanta za ta iso. Lafiyata ƙalau, ban yi ciwo ba, kuma ban yi fushi ba. Ɓuya na yi.

Idonki lafiyarsa lau. Bakwai na rubuta, bakwai kika karanta.

Goggo, ni ba injiniya ba ne. Makarantar noma da na shiga a Tunis shekara ɗaya na yi aka kore ni, na faɗi jarrabawa sau biyu. Na ce wa Umma an ba ni gurbin ƙarasa karatu a nan, daga nan magana ta yi ta girma, ni kuma na yi ta binta. Shekara tara ke nan aikina a rumbun tattara kaya yake, ina harhaɗa akwatunan katako ina buga musu ƙusa, a zuba tumatir a loda a mota. Cikin rumfunan leda ma ba a cika aikena ba. Hoton da ke kan talabijin, farar rigar ta wani ce, na ara na minti biyar.

Da takardarki ta farko ta zo, akwai wani dattijo a nan, ɗan ƙasarmu daga garin Mahdiya, da ya san shuka ciki da waje. Da na tambaye shi da ya faɗa min a tsaye. Ban tambaya ba, don zai ce yaya injiniyan gida ke tambayar irin wannan, ya san abin da nake faɗa a can. Sai na leƙa wata rumfa na ga raga a rataye, na auna idonta da yatsuna na rubuto miki. Bayan labarin tantabaru na je na tambaye shi. Ya ce wannan ragar hawa ce, ta kokwamba da wake su kama su miƙe, ba ruwanta da tsuntsu. Ya dube ni ya ce, "Tsuntsayen wa ka kashe?"

Da kika rubuta cewa Lutfi ya ba ku labarina duka, kuma kin san wanda ya kamata ya ji kunya, na ɗauka asirina ya tonu, ni kike nufi. Lutfi ya same ni da guduma a hannu da ƙusoshi a baki. Na zaci har Umma ta ji. Shi ya sa na kasa rubuta wa kowa. Sai ga takardarki ta uku kina ba ni haƙuri. Na karanta ta a tsaye a bakin ƙofa, kuma ba zan ɓoye miki ba, abin da na fara ji sauƙi ne. Na ce shi ke nan, ɗaya ce, in amsa in ce ba komai Goggo, kowa yana kuskure. Har na rubuta hakan, takardar ta kwana huɗu a aljihuna da kan sarki a jikinta. Na kasa jefa ta a akwati.

Ga abin da dattijon ya ce, maganarsa ce ba tawa ba. Raga ta zama mai ƙaramin ido, wanda ɗan ƙaramin yatsanki ba zai shige ba. Zarenta mai kauri, fara ko mai haske, yadda tsuntsu zai gan ta tun daga sama. A kafa turaku ko a lanƙwasa gora a yi mata rumfa, ta ɗaga daga kan shukar kamar taƙi ɗaya, a ja ta ta yi tauri, a binne gefenta a ƙasa. A riƙa zagayawa safe da yamma. Wato duk abin da na faɗa miki, akasinsa.

Idan za ki je wurin Si Sahbi, ki tafi da takardar nan ki ba shi ya karanta. Ki ce ni ne. Abu ɗaya nake roƙo, kada Umma ta ji a bakin mutane.

Munsif


Manzil Tamim, 26 ga Maris, 1995

Ɗana Munsif,

Bayan gaisuwa, mun yi sallah lafiya, gwiwa da sauƙi tunda rana ta fara zafi. Takardarka ta iso. Na karanta sau ɗaya na ajiye, na wanke kwanonin da na riga na wanke, na dawo na sake karantawa. Na ji haushinka kwana biyu cur, kada ka zaci ban ji ba. Lutfi kuwa abin da ya faɗa mana shi ne ya same ka kana ba ma'aikata umarni, kowa yana girmama ka. Idan ka haɗu da shi ka san abin da ya yi maka.

Ban kai wa Si Sahbi takardarka ba. Kai ka zaɓi raga, amma ba kai ka riƙe fartanya ba, kuma ba kai ka dubi tsohon ka ce ba ka gani ba.

Na je ranar laraba bayan la'asar da kwandon a hannu, na yafa masa tawul. Rauda ce ta buɗe min. Yana zaune a tsakar gida yana tsintar dawa, na ajiye kwandon a gabansa na yaye tawul ɗin. Ya gane ta nan take, ya kira ta da sunan da ya sa mata. Na faɗi komai a tsaye, tun daga ranar asabar ɗin har gindin lemo. Ban sa sunanka ba, na ce raga ce ba ta dace ba, kuma ya gargaɗe ni ban ji ba.

Ya daɗe yana shafa fiffiken da babban yatsa. Sannan ya ce, "Wata uku tana bayan katangata?" Na ce e. Ya ce, "Tsuntsu yana mutuwa, Lalla Shadliyya, na binne da yawa. Amma kin bar ni na zagi 'yata kina ji." Rauda tana jingine da ƙofar kicin, na juya na roƙe ta gafara, ta ce Allah ya yafe mana duka, idonta a ƙasa. Ya tashi da tantabarar ya hau soro, bai sallame ni ba. Ina fita na ji ya tsaya a tsakiyar matakala yana kiran Rauda da murya ƙasa-ƙasa, ban tsaya jin sauran ba.

Kwana takwas ba ya amsa gaisuwata sai da kai. Rana ta tara Rauda ta shigo da wani ɗan ƙyallen raga kamar tafin hannu, fara, ta ce Baba ya ce irin wannan. Na tafi da shi kasuwa, na zura ɗan yatsana a kowace ragar da aka warware min har mai shagon ya gaji. Na kafa gora na ja ta kamar yadda dattijonka ya ce, ka yi masa godiya. Layi biyar suka tsira, sun yi 'ya'ya, na ɗebi na girki sau ɗaya, sauran na bar su su bushe don iri. Si Sahbi ya fara amsa gaisuwa da baki, amma ya daina leƙowa ta katanga, kuma ban san ko zai sake ba.

Matan unguwa har yanzu sun ɗauka ni ce ban iya bambanta ɗaya da bakwai ba, jiya ma sai da ɗaya daga cikinsu, Naziha, ta tsokane ni wurin mai kifi. Na ƙyale su a haka, ba zan gyara ba sai mahaifiyarka ta ji daga gare ka.

Ba ni zan faɗa mata ba, kai za ka faɗa. Ka rubuta mata yadda ka rubuta min, ba ado. Ka san ba ta karatu, kuma maƙwabciyarta da ke karanta mata bakinta ba ya rufuwa. Don haka ka aiko da takardar a cikin ambulan ɗina. Zan hau mota in je Kalibiya in zauna kusa da ita in karanta mata da kaina, in kwana biyu a wurinta. Na koyi yadda ake tsayuwa a gaban mutum da irin wannan magana.

Goggonka,
Shadliyya


Bitoriya, 11 ga Afrilu, 1995

Goggo,

Ina gaishe ki, ina lafiya. Allah ya saka miki da alheri.

Ga takardar Umma a ciki, shafi uku ce, ban manne ta ba. Ki karanta mata a hankali. Idan ta ce ki tsaya, ki tsaya. Idan ta ce ƙarya kike yi, ki nuna mata sa hannuna, ta san shi. Akwai wuri a shafi na biyu da tawada ta jiƙe, abin da na rubuta a nan shi ne ina cin halal ɗina kuma ban taɓa kwana da yunwa ba, kada ki tsallake shi, shi za ta fara tambaya.

Na nemi hutu a watan Agusta, an ba ni mako uku. Zan sauka a Kalibiya, daga nan in zo wurinki. Ki sanar da Si Sahbi cewa akwai wanda zai ƙwanƙwasa masa ƙofa da wata magana da ba ki faɗa masa ba. Idan ya yarda in hau soron, Rauda ta taɓa ce wa Umma katakon ɗakin tantabarunsa ya ruɓe ta gefen teku. Wannan aikin dai na iya shi.

Ɗanki,
Munsif